Inda Aka Kama Jan-Wutsiya

Ɗigo-ɗigon da ke fuskar kwamfuta sun ƙi zama inda ya kamata su zauna. Auta ta ture kujera baya, ta cire tabarau ta goge da bakin farar rigarta, ta mayar, ta sake leƙawa. Babu abin da ya sauya. Shuɗɗa sun taru waje ɗaya a hagu, lafiya lau. Jajaye kuwa sun rabu biyu. Wasu sun yi nasu tsibin a dama, saura sun tsallaka sun shige cikin shuɗɗa sun yi zamansu, kamar baƙin da suka zo gaisuwa suka ƙi tafiya.

Kowane ɗigo kifi ne guda, jan-wutsiya, wanda garin su Auta da shi yake ci, da shi yake sutura. A bakin tekun garin akwai wani dogon dutse da ya kutsa can cikin ruwa, ya raba wurin kamun kifi gida biyu, gabas da yamma. Jan-wutsiyan gabas raguwa yake yi kowace shekara, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ko shi da na yamma dangi ɗaya ne masu auratayya, ko kuwa kowa gidansa daban. In ɗaya ne, na yamma zai riƙa cike giɓin. In biyu ne, ranar da na gabas ya ƙare ya ƙare ke nan, kuma dole hukumar kamun kifi ta hutar da gabas lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Amsar wannan tambaya ita ce aikin digirin Auta, ita ce kuma hukumar ke jira daga hannun Farfesa, mai duba aikinta.

Yadda ake aikin ba shi da wuya a baki. A yanki ɗan fiffiken kifi kamar girman farce, a jefa cikin 'yar kwalba mai sinadari, a rubuta ɓangaren da aka kama shi. A ɗakin gwaji a ciro ƙwayoyin gadon da kifin ya ɗauko daga iyayensa, kwamfuta ta auna kamanni, ta ajiye 'yan uwa kusa da juna. Na yamma aka ba shuɗi, na gabas ja.

Farfesa ya zo ya tsaya a bayanta, hannuwansa a aljihu. Ya daɗe yana kallo.

"To, Malama, me kike gani?"

"Ina ganin abin da bai kamata in gani ba, ranka ya daɗe."

"Wannan ba amsa ba ce."

Dogo, abokin karatunta da ke teburi na kusa, ya miƙo wuya. "Yawon shan iska suke zuwa, ranka ya daɗe. Su leƙa gabas su ga gari, amma ba sa neman aure a can."

Farfesa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗayan biyu ne. Ko na yamma suna kwarara gabas da yawa haka, in haka ne kuwa babu dalilin rufe ko'ina. Ko kuma kwalabe sun cakuɗe a hannun wani."

"Ba na cakuɗa kwalabe."

"Ban ce ke ba."

"Ni kaɗai na taɓa su."

Farfesa ya ɗaga kafaɗa ya wuce ofishinsa. Dogo ya koma kan aikinsa yana wani ɗan fito a hankali, wanda Auta ta ji kamar ta kwaɗa masa kwalba a ka.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ta jawo wa kanta. Jirgin binciken jami'a ya gama tattaro na yamma ke nan injinsa ya mutu, aka ce gyara sai wata shekara. Ana cikin jimami ta miƙe a gaban kowa, ciki har da masu kiranta 'yar masunta in ta juya baya, ta ce na gabas a bar mata, mahaifinta masunci ne, kawunta ma haka. Ta faɗe shi kai a ɗage. Duk ƙarshen mako sai ta hau mota ta tafi gida, ta tsaya a bakin gaɓa da akwatin ƙanƙara da almakashi, kwale-kwale na isowa ta tambayi inda aka kamo kifin, in an ce gabas ta yanka ta rubuta.

Don haka ta koma farko. Ta buɗe firji ta fiddo kwalaben nan kaf, ta sake ciro ƙwayoyin gado daga sauran fiffiken da ya rage. Ta sauya sinadarai, ta sauya safar hannu har fatar yatsunta ta yi fari ta tattare. Ta daina zuwa cin abinci tare da sauran ɗalibai, don ba ta son tambayar nan ta "ya ake ciki?" da ake yi da murmushi. Ta zargi na'ura, aka kira mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Ta zargi kwamfuta, ta kai lissafin wata kwamfutar. Har ta fara zargin idonta. In tana tafiya a titi sai ta riƙa ganin ɗigo ja da shuɗi a jikin motoci.

Sakamako ya sake fitowa. Kowane ɗigo ya koma daidai inda yake a da, ko gezau.

Wannan ya wanke ta daga zargin cakuɗa abu a ɗakin gwaji, amma bai sa ta fahimci komai ba. In da gaske na yamma suna cika gabas haka, me ya hana su haɗa jini? Kifi ba shi da dangin da za su hana shi aure. In kuwa suna haɗawa, me ya sa tsibin ya kasance biyu har yanzu? Ta karanta duk abin da ta samu har kanta ya yi nauyi. Ranar da ta ga ta saka takalmi ƙafa daban-daban ta fito, sai ta kulle teburinta ta nufi tashar mota.

Ta sami Inna a tsakar gida tana wanke rigunan Baba, waɗanda gishirin teku ya busar suka yi tauri kamar kwali.

"Ke kuma haka kika koma? Makarantar ba a cin abinci ne?"

"Ana ci, Inna. Baba bai dawo ba?"

"Ina fa. Ai tun da suka koma yamma sai rana ta take suke shigowa. Da can da suke gabas, war haka ya yi wanka har ya fara damuna da surutu."

Auta ta tsaya da jaka a kafaɗa. "Yamma kuma?"

"Yamma mana."

"Tun yaushe?"

Inna ta matse riga ta yarfe. "Tun kafin ki fara zuwa da 'yan kwalabenki. Gabas ai sai jefi-jefi, in iska ta hana su zagaya dutse. Miƙo min bokitin can."

Auta ta miƙa bokiti. Ta zauna a kan turɓaya, da farin wandonta da komai, ba ta ma san ta zauna ba.

Sai bayan la'asar ta samu Baba shi kaɗai a rumfar bayan gida, ya shimfiɗa raga a cinya yana ɗinke inda ta yage. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi gajiya, sannan ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, kifin da na riƙa yanka a wajenka, a ina ka kamo su?"

"A ruwa."

"Gabas ko yamma?"

Ya ɗago ya dubi ƙofar rumfa, ya dubi katanga, sannan ya dube ta. "Wa ke tambaya?"

"Ni ce. 'Yarka."

"To, yawanci yamma."

"Amma gabas ka ce mini. Da bakinka. Na rubuta."

"Na ce mana." Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "A ina kika tambaye ni? A bakin gaɓa, jama'a cike, ke da murya kamar mai shela. Kawunki na tsaye a gefena ya baza kunne. So kike in ce masa ga inda kifi yake, gobe in je in tarar da shi ya riga ni?"

"Shi ma Kawu gabas ya ce mini."

"To ai ni ina tsaye a gefensa."

Abin haushin shi ne Auta ta san wannan. Tun tana ƙarama, tana ɗaukar daro daga bakin ruwa zuwa gida, aka koya mata cewa in wani ya tambayi inda aka samo, ta nuna ko'ina da haɓa ta wuce. Masunci ba ya faɗin wurinsa, ko ga ɗan'uwansa na jini. Ita kanta ta sha nuna wa mutane inda ba nan ba. Kawai dai bai taɓa zuwa ranta ba cewa in ta sa farar riga ta riƙe alƙalami, dokar za ta hau kanta ita ma.

"Da na tambaye ka a gida fa, da ka faɗa mini?"

"Da na yi tunani."

"Baba."

"To me ya ɓaci? Jan-wutsiya kika ce kina so, jan-wutsiya na ba ki. Na ba ki wani kifin ne daban? Kifi ai kifi ne."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, na tsibi biyu, na dangi da auratayya. Yana ji yana ɗinki. Can sai wata dabara ta faɗo mata, ta gyara zama.

"Tsaya. In duk ranar da ka ce gabas yamma kake nufi, ai da sauƙi. Sai in juya sunayen."

"A'a, ba kullum ba."

"Kamar yaya?"

"Wani lokaci gaskiya nake faɗa. In na je gabas na ɗan samu, sai in ce gabas, don na san ba za su yarda ba."

"Waɗanne ranaku ne ka faɗi gaskiya?"

Baba ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda rana ta buga. "Auta, wa yake riƙe irin wannan a ka?"

Da ta koma ta faɗa wa Farfesa, dariya ya yi har ya cire tabarau yana share ido. Ita tana tsaye, ba ta zauna ba, ba ta kuma taya shi ba. Da ya gama sai ya natsu.

"Kin san hukuma na zama kwanan nan. Kin kuma san lokacin miƙa aikin digiri ya matso. Zan iya rubuta musu cewa alamu sun nuna kifin na cakuɗa, a ci gaba da bincike. Ke kuma ki miƙa abin da kike da shi, ki ɗan yi bayanin matsalar a ƙarshe. Ba ƙarya aka yi ba, abin da kwalabe suka ce ke nan."

"Kwalaben ne ba su san inda suka fito ba, ranka ya daɗe."

"In kika janye su, ba za ki gama bana ba. Su Dogo za su sa rigar kammala karatu su tafi su bar ki."

"Na sani."

"Kuma za a yi magana. Ke kika tashi kika ce a bar miki."

"Ni na ce. Har yanzu kuma a bar mini. Kakar kamun ba ta ƙare ba, zan shiga ruwan da kaina."

Farfesa ya dube ta sama da ƙasa. "Kin taɓa shiga?"

"Ina yarinya."

"Yaya kika ƙare?"

Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa.

Magana kuwa an yi ta. Kafin ta kai bakin ƙofar sashen, labari ya riga ta. Wani ya ce 'yar masunta ce masunta suka yi wa wayo. Dogo ya tare ta a matakala ya ce in ta je ta tambayi kifin da kansa, ƙila shi ya fi gaskiya. Ta ce masa ya matsa, jakarta na da nauyi.

Rikici na farko a bakin gaɓa aka yi shi, gari na wayewa. Baba ya ga 'yar na'urar da ke nuna wa mutum daidai inda yake a doron duniya, rataye a wuyanta.

"Wannan abin ba zai shiga kwale-kwalena ba."

"Baba, da shi zan san wurin."

"Shi ya sa. Ke ki sani, Farfesanki ya sani, hukuma ta sani, kawunki ya ji a rediyo."

Suka yi ta ja har sauran jirage suka fara tashi. A ƙarshe ta cire na'urar ta ba Inna, ta ajiye wayarta ma. Suka yi sharaɗi: ba za ta rubuta komai ba sai gabas ko yamma, kuma da idonta za ta gani, ta wurin duba inda dutsen yake.

Ba su yi nisa ba cikinta ya juya. Igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen ta sake shi, hanjinta ya bi. Ta rungume gefen jirgi ta yi amai har babu abin da ya rage, ta ci gaba da kakari. Warin fetur, warin kifi, rana a ƙeya. Tabarau ya yi gishiri ba ta gani sosai. Da aka jawo raga, ta rarrafa da gwiwa ta kama jan-wutsiya mai santsi yana fizge-fizge, ta yanka, ta jefa a kwalba, ta ɗaga kai ta nemi dutse, ta rubuta, ta koma gefen jirgi.

Kwale-kwalen Kawu ya gifta kusa da su. Ya ɗaga murya, "Likita, kifin kike ciyarwa ko aunawa?"

Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

Inna ta ce ta haƙura haka, digiri ba rai ba ne. Washegari Auta ta riga Baba isa bakin ruwa. Haka aka yi ta yi. Fuskarta ta ƙone, leɓɓanta suka tsage, ƙayar kifi ta yi mata zane a tafin hannu. Aman bai daina ba, ta dai koyi yinsa da sauri ta koma aiki. Yawanci yamma suke zuwa. Na gabas da ta fi bukata sai in iska ta tsare su, don haka ta zama ita kaɗai a garin ke murna in ta ga iska ta tashi.

Wata safiya hazon teku ya sauko ya rufe ko'ina. Ba sama, ba ƙasa, ba dutse. Baba na tuƙi kamar yana gani, ya juya nan, ya juya can, har Auta ta rasa ko gaba suke yi ko baya. Ranar kuma aka yi kamu mai kyau. Ta yanka fiffike ta cika kwalabe, ta riƙe alƙalami tana dube-dube. Fari fat ta kowane gefe.

"Rubuta gabas," in ji Baba.

Ta dube shi.

"Babu kowa a nan. Da gaske nake."

"Na sani, Baba."

"To rubuta."

Ba ta rubuta ba. Ta zauna da kwalaben a cinya tana jiran hazo ya yaye. A ranta ta yarda da shi, ko kuma tana ganin ta yarda, ita kanta ta kasa tantancewa. Har suka juya gida hazon bai ɗaga ba, sai ganin gaɓa suka yi kwatsam a gabansu. Ta zazzage fiffiken ranar duka a ruwa, ta ɗauraye kwalaben.

"Wato ni maƙaryaci ne," in ji Baba, yana naɗe igiya bai kalle ta ba.

"Ban ce ba. Ban dai ga dutse ba."

Bai yi mata magana ba har suka isa gida, da maraice ma Inna ce ta kai masa ruwa. Amma da suka fita washegari, sai ta lura ya bi wata hanya da bai saba bi ba, ya raɓa jikin dutsen sosai, har tana ganin tsuntsaye a kansa da farin kashinsu. Sai da ya tabbata ta gani sannan ya karkata gabas, ranar kuwa babu iska ko kaɗan. Daga ranar, in za su jefa raga sai ya juya jirgi yadda dutsen zai kasance a gabanta.

Ranar da su Dogo suka sa rigunan kammala karatu, tana jin kiɗa da tafi daga babban ɗakin taro, ita tana ɗakin gwaji da safar hannu. Dogo ya leƙo da hularsa mai tuntu, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga hannayenta, ya ce mata sannu da aiki kawai ya fita.

Da sabon sakamako ya fito, Farfesa ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Na gabas sun koma gefe guda, na yamma gefe guda, da fili a tsakaninsu. Dangi biyu ne. Sai wasu 'yan tsiraru, waɗanda ta yanka da hannunta a gabas dutse na kallonta, amma jininsu na yamma ne sak.

"Waɗannan fa?" in ji Farfesa.

"Ban sani ba tukuna."

"Ba dai babanki ba ne kuma?"

"A'a. Waɗannan kifin ne da kansu."

Ya sa hannu a rahoton, sunanta a sama. Hukuma ta zauna, ta ce daga kaka mai zuwa za a hutar da gabas lokacin zuba ƙwai.

Ita ta kai wa Baba labarin kafin ya ji a bakin wani. Yana zaune a ƙofar gida yana shafa wa ƙafarsa mai. Ya saurara har ta gama.

"Wato kin shiga jirgina, kin yi mini amai a kan raga, don ki rufe mini ruwa."

"Rabin ruwa, Baba. Na ɗan lokaci."

"Kin san abin da zai faru? Duk garin nan yamma za su taho. Har kawunki."

"Ai dama can yana yamma."

"Yana yamma, amma bai san na sani ba." Ya rufe kwalbar man ya ajiye. "Yanzu sai ki gama makarantar?"

"Sai baɗi. Kuma akwai waɗansu kifaye da ban gane kansu ba. Ina so in sake shiga ruwa in kaka ta zagayo."

Baba ya dubi titi. Can ya ce ta riƙa cin wani abu kafin su fita, ciki wayam ya fi wahalar da mutum.